Yadda Ake Gina Akori-kurar Hot Rod a Gida: Daga Tsayuwar Mota Zuwa Fenti

Akwai wata tsohuwar akori-kura da na daɗe ina wucewa ta gabanta a bayan wani gareji. Mai ita ya kwance ta gaba ɗaya cikin mako guda, inji gefe, ƙofofi gefe, notuna cikin bokitin fenti, da niyyar ya mayar da ita sabuwa kafin sallah. Sallah ta zo ta wuce sau da yawa. Ciyawa ta fito ta cikin shasi, kaji suka maida kan motar akurki. Kuɗi bai ƙare masa ba, hannu kuma yana da shi. Abin da ya rasa shi ne sanin aikin da ake fara yi da wanda ake bari sai ƙarshe. Don kada irin wannan ta faru da kai nake rubuta wannan jagora.

Hot rod al'adar Amurka ce, kuma a kudancin Kalifoniya ta yi tsiro a shekarun 1930. Samari marasa kuɗin sayen sabuwar mota sukan samo tsohuwar Ford, su cire duk abin da ke ƙara mata nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su tafi busassun tafkunan hamadar Mojave irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. Injin V8, mai silinda 8, da Ford ya fitar a 1932 shi ya zama abincinsu. A 1937 suka kafa ƙungiyar SCTA don tsara tseren, a 1948 Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a ɗauke tseren daga titunan gari. A wancan lokaci akori-kura motar ɗaukar kaya ce kawai, ita ke jan motar tsere zuwa fili. Daga baya, da tsofaffin ƙananan motocin suka yi tsada, hankali ya koma kanta, aka gane cewa ita ma tana da siffa mai kyau, ga shasi dabam da bodi, ga wadataccen wurin zaman inji.

Misalin da zan riƙe a hannu shi ne Chevrolet 3100, daga jerin da ake kira Advance Design, wadda aka ƙera daga tsakiyar 1947 zuwa farkon 1955. Na zaɓe ta ne saboda duk matsalar da mai gini zai haɗu da ita tana jikinta: wuta mai bolt 6, birkin ganga a duk ƙafafu huɗu, aksul ɗin gaba sanda guda a kan sifirin, da inji mai silinda 6 da ba a yi shi don babban titin yau ba. Wanda ya fahimci aikinta zai iya ɗaukar darasin ya ɗora kan Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956, ko Chevrolet C10, ko tsohuwar Hilux da Datsun da suka fi kusa da hannunmu.

Fara da takarda, ba da sifana ba

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ka amsa wa kanka tambaya guda: wace irin mota kake son gani ranar da aka gama? Masu wannan aiki sun kasu. Akwai masu bin salon shekarun 1950, da rim na ƙarfe, taya mai farin gefe, kafireto, fenti mai launi ɗaya. Akwai masu barin tsohon fenti yadda rana da ruwan sama suka cinye shi, amma a ƙarƙashi komai sabo ne. Akwai kuma masu son mota ta zamani cikin tsohuwar riga, da manyan rim, na'urar sanyaya ɗaki da inji mai kwamfuta. Kowanne yana da kyau idan an bi shi har ƙarshe. Abin da ke ɓata mota shi ne gauraya: rim na bana, sitiyarin shekarun 1970, fitilun wata mota dabam. Ido yana ganin rikicin ko da mai kallo bai san sunan ko ɗaya daga cikin kayan ba.

Ga dabara mai arha. Ka ɗauki hoton motar daga gefe, kana tsugune daidai tsayin taya, daga nesa kaɗan. Ka buga hoton sau goma. Ka sa almakashi ka yanke bodin daga tayoyin, ka riƙa saukar da shi, kana karkatar da gaba, kana rage tsayin rufi, har sai ka samu siffar da ta kwanta maka a rai. Wadda ka zaɓa ka manna ta a bangon wurin aiki. Duk ranar da wani ya zo da shawarar a ƙara kaza, ka dubi bangon.

Sannan takardun mota. A Amurka tsohuwar mota marar takardar mallaka kan tsaya cak a wurin rajista, komai kyawun aikin da aka yi mata. A nan ma haka ne: lambar shasi da lambar inji suna cikin takardu, kuma sauya inji ko shasi yana bukatar a sanar da hukumar da ke rajistar motoci. Ka daidaita wannan tun kafin ka kashe sisi.

Zaɓen motar da za a yi wa aiki

Inji ba abin damuwa ba ne a wurin saye, tun da ana iya sauya shi cikin kwanaki. Tsatsa ce abokiyar gaba. A jikin 3100 ka duba kusurwoyin kan motar na baya ta ƙasa, da daɓen da ake taka ƙafa, da gindin ginshiƙan da ke riƙe ƙofa, da ƙasan ƙofofin, da saman gilashin gaba. Ka tafi da maganaɗisu ƙarami: inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da hodar fanel-bita ne, ba ƙarfe ba. Ka tafi da sukudireba ka caccaki shasi, musamman wajen da sifirin ke maƙale. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ruwa ma haka yake yi wa ƙarfe: ƙaramin kumburi a fenti sau da yawa rami ne babba a ciki.

A ganina gara ka biya kuɗi mai yawa ka sayi mota cikakkiya mai lafiyayyen bodi da ka sayi mai arha da aka riga aka wargaza. Ƙananan abubuwa irin su marfin akwatin dashbod, hannun ƙofa da firam ɗin gilashi su ke cinye lokaci da aljihu.

Idan ta shigo gida, kada ka kwance ta duka. Ka ɗauki hoto daga kowace kusurwa, kowane noti ya shiga leda da sunansa a rubuce, ka kuma auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da ta baya a ɓangarorin biyu. A 3100 inci 116 ne, wato kusan mita 2.95.

Tsayuwa, wadda ita ce komai

Nan zan daɗe, domin nan ne hot rod ke samun kyau ko ta rasa shi. Mota mai fenti na miliyoyi da ta tsaya ba daidai ba, ba ta da kwarjini. Mota mai tsatsa da ta zauna daidai a kan tayoyinta, sai an waiwayo an sake kallonta.

Doka ta farko: sayi rim da tayoyin da za ka yi amfani da su tun yanzu, ka gina motar a kewaye da su. Salon gargajiya shi ne ƙanana a gaba, manya a baya, gaban motar ya ɗan sunkuya kamar rago zai yi karo. Misali mai kyau a rim mai inci 15 shi ne 205/70 a gaba, mai tsayin kusan inci 26, da 235/75 a baya, mai kusan inci 29. Wannan bambancin inci 3 kaɗai ya isa ya ba motar sunkuyo ba tare da an taɓa komai ba.

Ka ɗora shasi da bodi a kan turakun ƙarfe, ka cire tsofaffin ƙafafu, ka mirgino sababbin tayoyin cikin madugadi. Ka riƙa sauke motar kaɗan-kaɗan, kana ja da baya taku ashirin kana dubawa. Abubuwa uku kake nema. Taya ta zauna a tsakiyar bakin madugadi, ba ta matsa gaba ko baya ba. Gefen madugadi ya rufe saman taya kaɗan, babu wawakeken fili a tsakani. Sannan layin matakalar gefe ya gangara gaba a hankali. Idan ka samu, ka auna tsayin shasi daga ƙasa a wurare huɗu, ka rubuta da alli a bango. Wannan awon shi ne alƙiblar duk aikin da zai biyo baya.

Akwai iyakar da ba a ƙetarewa wajen saukar da mota. Ka ɗauka taya ta fashe, rim ya sauka a kwalta. Duk abin da ya fi bakin rim kusa da ƙasa, ko tukunyar baƙin mai ce, ko sandar sitiyari, ko salansa, shi zai fara taɓa titi, kuma a nan direba ya rasa iko da mota. Ka ɗaura zare daga ƙasan rim na gaba zuwa ƙasan tayar ɗaya gefen, ka tabbata babu abin da ya leƙo ƙasa da zaren. Haka kuma a bar aƙalla inci 3 tsakanin aksul ɗin baya da shasi, don motar ta samu wurin lotsawa. Wanda zai hau hanyoyinmu masu ramuka da tudun rage gudu ya ƙara a kan haka. Motar da aka gina don shimfiɗaɗɗen titin Los Angeles ba za ta kai ƙarshen layinmu da damina ba.

Shasi da ƙafafu

Hanyoyi uku aka fi bi, kuma kowacce da farashinta.

Ta farko ita ce a bar shasi na asali da aksul ɗinsa sanda guda. Ana sa aksul mai lanƙwasa da ke saukar da gaba inci 3 ko 4, a sabunta fil ɗin da ƙafa ke juyawa a kai, a sa birkin faranti. Ita ta fi sauƙi, ita ta fi kama da tarihi, amma tafiyar tana nan da tauri irin ta motar gona.

Ta biyu ita ce a yanke tsohon tsarin gaba a walda wanda kowace ƙafa ke motsi ita kaɗai. Wanda ya fi shahara an kwaikwayo shi ne daga Ford Mustang II ta 1974 zuwa 1978, kuma kamfanoni da yawa a Amurka suna sayar da shi a shirye don 3100. Masu F-100 na shekarun 1960 da 1970 sukan ɗauko na Crown Victoria ta 2003 zuwa sama, wanda ake ɗaurewa da kusoshi, sai dai yana da faɗi, ba zai shiga madugadin 3100 da kyau ba.

Ta uku ita ce a ɗauke bodin ɗungurungum a ɗora kan shasin Chevrolet S-10. Mai kai ɗaya da dogon baya tana da tazarar inci 117.9, bambancinta da ta 3100 bai kai inci 2 ba. Da wannan ka samu birkin faranti da sitiyari mai taushi lokaci guda. Aibinta shi ne ƙafafun S-10 sun fi ƙunci, tayoyi sukan shige ciki kamar mutum ya sa rigar yayansa. Ana gyara baya da aksul ɗin S-10 mai jan ƙafa huɗu, wanda ya fi faɗi. Sannan sai ka ƙera wa kan mota da akwatin baya da lagireto sababbin mazauni, aikin da ya fi yadda ake faɗa yawa.

Ni na fi karkata ga ta biyu ga mai son tuƙi kullum, da sharaɗi ɗaya: waldar shasi ba wurin koyo ba ce. Shasin waɗannan motoci buɗaɗɗe ne ta ciki, kuma kafin ya ɗauki V8 ana rufe shi da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, daga gaba har bayan inda giya ta ƙare. Ana yin waldar guntu-guntu, ana tsallakawa daga gefe zuwa gefe, don zafi kada ya murɗe shi. Kafin walda da bayanta ka auna shasi a gicciye, daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan akasin haka. Bambancin kada ya wuce milimita 3. Idan hannunka bai faɗa ba a walda, ka ɗiga ka riƙe, ka kira ƙwararre ya ƙarasa. Babu kunya a ciki.

A baya, hanya mafi arha ta saukarwa ita ce a mayar da aksul saman sifirin maimakon ƙarƙashinsa, idan motar mai irin wannan tsari ce, ko a sa ɗan bulo na ƙarfe idan aksul ɗin da ma a sama yake. Idan ya matso kusa da shasi, sai a yanke masa gurbi mai siffar rabin wata, a ƙarfafa wurin da faranti ta kowane gefe. Kada a taɓa gasa sifirin da wuta don ya sauka. Ƙarfen ya mutu ke nan, kuma wata rana zai karye a kan hanya. Aksul ɗin 3100 na kafin 1955 yana haɗe da farfela mai rufaffen bututu, ba zai yi aiki da giyar zamani ba, don haka dole a sauya shi. Aksul ɗin Ford mai inci 9 shi ne sarkin wannan fage tun 1957, amma na Ford Explorer mai inci 8.8, daga 1995 zuwa 2001, ya zo da birkin faranti, ya fi arha, kuma ya ishi motar titi.

Birki da sitiyari kafin inji

Tsohuwar tukunyar birki mai rijiya ɗaya ce: bututu ɗaya ya fashe, ƙafafu huɗu sun tafi. Tun wajen 1967 motocin Amurka suka koma mai rijiya biyu, gaba dabam baya dabam. Wannan sauyi wajibi ne. Idan tukunyar za ta zauna a ƙarƙashin daɓe kamar ta asali, ana sa ƙananan bawul masu riƙe ɗan matsi, na fam 2 (ma'aunin matsi, wato psi) ga birkin faranti, na fam 10 ga na ganga, don kada mai ya gangaro ya bar feda fanko. Bututun birki na ƙarfe ne mai baki ninki biyu, ba bututun jan ƙarfe na firji ba, kuma a ɗaure shi jikin shasi nesa da salansa.

Sandar sitiyarin asali doguwar mashi ce da ke kallon ƙirjin direba. A sauya ta da mai lotsewa idan an yi karo, irin wadda General Motors ya fara sawa a 1967. Idan za a karkatar da sandar ta kauce wa inji, kowace gaɓa kada ta lanƙwasa fiye da digiri 30, kuma idan gaɓoɓin sun kai uku sai an sa marikin tsakiya. Bayan an haɗa, ka cire sifirin, ka ɗaga ƙafa da jak sama da ƙasa kana kallon taya. Idan tana juyawa ciki ko waje da kanta, to duk ramin da ka faɗa motar za ta fizge. A gyara tsayin sandunan tun yanzu.

Inji

Kowa nan yake son farawa, amma da gangan na jinkirta shi. Ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fito a 1955, musamman mai lita 5.7 da ake kira 350, shi ne wanda aka fi sawa a tarihin hot rod: gajere ne, kayansa ko'ina, kafireto da waya kaɗan sun ishe shi. Zuriyar injunan V8 na Chevrolet da ake kira LS, wadda ta fara da Corvette a 1997, ita ke tashe yanzu, musamman mai lita 5.3 na motocin Silverado daga 1999. Yana tashi da bugu ɗaya, ba ya shan mai kamar tsoho, amma yana son famfon mai mai matsin fam 58, da wayarin ɗinsa, da wanda zai cire makullin hana sata daga kwamfutarsa. Kafireto kuwa fam 5 zuwa 7 kawai yake so. Mai neman V8 a kasuwanninmu na tsofaffin kayan mota ya sa ido kan 1UZ na Toyota, mai lita 4, wanda ya fito cikin Lexus LS400 a 1989. Inji ne mai juriya, sai dai kansa yana da faɗi, don haka a auna kafin a biya.

Shawarata ita ce kada ka bi yawan doki, wato ma'aunin ƙarfin inji. Akori-kura bayanta ba nauyi, doki 300 ma sun isa su sa ta juya a jiƙaƙƙen titi. Inji na asali da ba a taɓa cikinsa ba, mai lafiya, ya fi wanda aka cusa wa kayan tsere yana zafi a cunkoso.

Wajen ɗora shi, ka mayar da bonet, madugadi da lagireto wurinsu tukuna. A 3100 akwatin sitiyari yakan yi karo da bututun hayaƙi na gefen direba, shi ya sa ake matsar da inji inci ɗaya zuwa ɗaya gefen, kuma babu laifi muddin yana layi ɗaya da shasi. Wutsiyar giya ta sunkuya ƙasa kamar digiri 3, hancin aksul ɗin baya ya ɗago sama daidai wannan digiri, motar tana zaune da nauyinta a tsayin da ka rubuta a bango. Idan layukan biyu ba su yi daidai ba, farfela za ta riƙa kaɗawa, ka yi ta sauya taya kana zargin abin da ba shi da laifi.

Ka yi lissafin giya. Da aksul mai 3.73, wato farfela ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya, da taya mai inci 29, a gudun kilomita 110 inji zai riƙa juyi kusan 3,000 a minti idan giyar ƙarshe ɗaya-da-ɗaya ce. Da giyar otomatik ta General Motors mai suna 4L60E, wadda ta huɗunta 0.70 ce, sai ya sauko kusan 2,100. Wannan shi ne bambancin motar da ake hira a cikinta da wadda ake sauka da ciwon kai. Lagireto kuma a sa babba, da fanka mai rumfa da ke jan iska ta dukkan faɗinsa.

Tanki da waya

Daga 1949 har 1972 Chevrolet yana sa tankin mai a cikin kan mota, bayan kujera. A fitar da shi a mayar ƙarƙashin akwatin baya, tsakanin sandunan shasi, kada ya leƙo ƙasa da su. Kuma kada ka kusanci tsohon tanki da walda ko giranda, ko ya shekara a bushe. Tururin da ya rage ciki shi ke fashewa.

Tsohuwar waya mai rigar zare a cire ta duka. A koma bolt 12 da sabon wayarin mai akwatin fis, babban fis kusa da batir, roba a kowane rami da waya ta ratsa ƙarfe, da wayar ƙasa mai kauri tsakanin batir, inji, shasi da kan mota. Yawancin rikicin wuta a irin waɗannan motoci daga wayar ƙasa yake.

Bodi: inda ake son taƙaitawa

Sabon shiga yakan ƙagu ya rage tsayin rufi. Gaskiya ce, rage inci 2 ko 3 yana sa mota ta yi fuskar fushi mai kyau. Amma ginshiƙai a karkace suke, idan rufi ya sauko ba zai haɗu da gindinsa ba sai an tsaga shi an ƙara masa tsawo da faɗi, ƙofofi ma sai an yanka. Gilashin gaba mai gida biyu na 1947 zuwa 1953 shimfiɗaɗɗe ne, ana iya yanka shi. Mai lanƙwasa na 1954 wuya gare shi, haka ƙananan tagogin kusurwa na kan mota mai taga biyar, wanda ni ba zan taɓa shi ba, don kyawunsa a nan yake. A motar farko ka bar rufi. Idan tsayuwa ta yi daidai, ba wanda zai tambaye shi.

Ƙananan gyare-gyare sun fi riba: matso da bamba kusa da bodi, cike ramukan ado da ba a bukata, daidaita tazarar ƙofa ta zama ɗaya daga sama har ƙasa. A sauya makullan ƙofa da na zamani masu kama biyu, domin tsofaffin sukan buɗe a kwana. Wajen facin tsatsa, a yanke har inda ƙarfe ya yi fari, a yanko faci mai kaurin kusan milimita 1.2 da kwali a matsayin ma'auni, a haɗa baki da baki. Walda ɗigo-ɗigo da siririyar waya mai milimita 0.6, ana barin wuri ya huce. Hodar cikewa don shafe ƙananan lotsa ce, kada ta wuce milimita 3.

Daɓen akwatin baya katako ne da sandunan ƙarfe a tsakani. Amurkawa yau sun fi son katakon oak, amma madaci da ya bushe sosai zai yi kyau ƙwarai. A shafe kowane katako ta fuska shida kafin a ɗaura, har da bakinsa, a kuma bar masa ɗan wurin kumbura da damina. Idan ka yanke wa aksul gurbi, sai an ɗaga daɓen inci kaɗan.

Haɗa, tuƙa, sannan fenti

Ga matakin da mutane ke tsallakewa su yi nadama. Ka haɗa motar duka tana cikin fentin share fage mai epoxy, ka sa kujera, ka ɗaura bel mai kama uku da faranti mai kauri a bayan kowane noti, ka tuƙa ta wata biyu ko uku. A nan za ka gane taya tana gogar madugadi, feda ta yi kusa da sitiyari, salansa tana gasa daɓe. Duk wannan gyaran giranda da walda ne, kuma a kan sabon fenti hawaye ne.

Launi ɗaya mai zurfi ya fi dacewa da jiki mai kumbura irin na 3100. Baƙi yana tona kowace lotsa, launuka masu haske suna rufa asiri. Mai son tsohon fenti ya wanke shi, ya kashe tsatsar da ke ci, ya shafa mai ko kakin goge mota, ya bar shi haka. Zanen siraran layuka da buroshi, wanda Von Dutch ya shahara da shi a Kalifoniya a shekarun 1950, ba baƙo ba ne a wurinmu. Masu zanen manyan motocin katako sun daɗe suna jan layi da hannu ɗaya ba tare da ya karkace ba, kuma irin hannun da ƙofar akori-kurarka ke bukata ke nan.

Fentin zamani mai haɗi biyu yana ɗauke da guba mai lalata huhu, ƙyallen rufe hanci ba ya tare ta. A sa abin rufe fuska na masu fenti, a yi a wuri mai iska nesa da yara, ko a kai wa mai ɗakin fenti. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, tsofaffin takalman birki kuma asbestos, don haka a jiƙa kafin a goge, kada a hura da iska. Kuma ko na minti ɗaya ne, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko bulon siminti.

Ranar fita ta farko ka zaɓi safiya da hanya marar mutane, da abin kashe gobara a gefen kujera da wani yana bin ka a baya. Ka gwada birki a gudun tafiyar ƙafa, sannan a gudun kilomita 30, sannan a 60. Ka dawo gida, ka taɓa kowane rim ka ji ko wani ya fi zafi, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi ka ga abin da zai ɗiga kafin gari ya waye. Bayan kilomita 100 na farko ka bi kowane noti na ƙafafu, sitiyari, farfela da mazaunin inji da sifana, wanda ka ɗaure ka ɗiga masa fenti a ka, don gobe da kallo ɗaya ka san wanda ya motsa.